Mutumin da Ya Rage wa Tauraro Wuta

A can bayan gidan kimiyya na birnin, in ka wuce ɗakin ƙasusuwan dabbobi ka bi wani lungu mai warin danshi, akwai wata ƙofa mai nauyi da aka lulluɓe da baƙin kyalle. Bayanta ɗakin taurari yake. Ɗaki ne zagayayye, ba taga ko ɗaya, rufinsa kamar ƙwarya a kife, kujerunsa a kishingiɗe don wanda ya zauna ya kalli sama ba tare da wuyansa ya ƙage ba. A tsakiya akwai na'ura, wani baƙin dunƙulen ƙarfe a kan dogayen ƙafafu, jikinsa duk an huhhuda shi. In aka kashe fitilun ɗakin aka kunna ƙwan fitilar da ke cikin dunƙulen, haske ya fita ta hudar nan, sai ga sararin sama cike da taurari a jikin rufi, da rana tsaka. Mutumin da ke kunna na'urar shi ake kira Mai Taurari. Ya shekara talatin da 'yan kai a ɗakin, har sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane. Matarsa ma in ta so tsokana haka take kiransa.

Ba karatu ne ya kai shi wurin ba. Mahaifinsa mai gyaran agogo ne, ya rasu ya bar shi yana tsakiyar makarantar sakandare, ƙanne a bayansa. Kawunsa, wanda ke gadin gidan kimiyyar a lokacin, shi ya roƙa masa aikin goge kujeru da yage tikiti a bakin ƙofa. Mai kula da na'urar a wannan zamani wani dattijo ne mai tari da saurin fushi, kowa Tsoho yake ce masa. Tsoho bai taɓa zaunar da shi ya ce yau zan koya maka ba. Yaron dai yana tsaye a duhu da tsumma a hannu, yana jin bayani iri ɗaya safe da yamma, har ya haddace shi tas, har da wuraren da Tsoho ke tsayawa ya yi tari. Ran da tarin ya hana Tsoho magana gaban yaran wata makaranta, sai yaron ya ɗora daga inda aka tsaya. Da aka tashi Tsoho bai yaba masa ba. Ya dai miƙa masa safar hannu fara ya ce, "Kada ka kuskura ka taɓa ƙwan nan da fatar hannunka. Maiƙon yatsa yana fasa gilashi in ya yi zafi. In ka kashe, ka bar fanka tana yi har ya huce." Iyakar bikin ba shi aikin ke nan.

Ya gaji hannun ubansa, wanda ba ya rawa a kan ƙaramin abu. Ya kuma karanta duk littafin da Tsoho ya bari a kabad, wasu da ƙyar, yana bin layi da yatsa. Cikin taurarin da ke rufin nan akwai guda da ya fi so, kuma bai taɓa ɓoye son kan ba. Manyan taurari masu haske kowanne yana da ɗan gilashi mai launi a bakin hudarsa, wani ja, wani ruwan ɗorawa. Nasa shuɗi ne. In ya zo kansa sai ya rage murya, ya ɗora kibiyar hasken da yake nuni da ita a gefensa, ya tambayi yara, "Tsakanin wancan jan da wannan shuɗin, wanne ya fi zafi?"

Kullum amsa ɗaya ce, ɗaki ya ɗauka baki ɗaya: ja.

Nan ne daɗin aikin yake a wurinsa. Sai ya yi 'yar dariya a duhu ya ce, "Kun faɗi. In kun koma gida ku leƙa wutar girkin mamanku, ku ga inda ta fi ƙuna. Ku tsaya daga nesa ku ga wutar mai walda. Ja sanyi ne a wurin taurari. Ranar nan tamu da ke gasa muku ƙeya, zafin fuskarta bai kai digiri dubu shida ba. Wannan ya haura dubu ashirin. Sai an dunƙule rana wajen goma kafin a yi nauyinsa, haskensa kuwa sai an tara rana dubbai. Mafi yawan hasken ma idonku ba ya iya ganinsa, ɗan abin da ya rage ne kuke kallo. Nisa ne ya mai da shi kamar kan allura. Hasken da ke isowa duniya yau, ya baro can tun kakannin kakanninku ba su zo ba."

Sai ya bar su su haɗiye. Sannan ya kawo ƙarshen, wanda shi ke sa yara tsit. "Amma fa almubazzari ne. Yana da makamashi fiye da rana nesa ba kusa ba, sai dai ci yake ba ƙaƙƙautawa. Rana mai lallaɓawa za ta yi shekara biliyan goma. Irin wannan, 'yan miliyoyi ne, sai ya kumbura, ya tarwatse. A taurari, mai yawan wuta ba ya tsufa."

A waɗancan shekarun motocin makarantu layi suke yi a bakin gidan. Yara su shigo da hayaniya su fita shiru, suna ƙyafta ido a rana. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya mata biyu, ya aurar da su, duka da albashin ɗakin nan. Ba wani abin a zo a gani ba ne albashin, amma bai taɓa neman wani aiki ba.

Waɗanda suka kafa na'urar sun bar akwati guda na ƙwan fitila, kowanne a naɗe cikin takarda mai laushi. Tsoho ya ci rabi, ya bar masa rabi. Ƙwai ne na musamman: zaren ƙarfen da ke cikinsa ɗan mitsitsi ne, kuma dole ya zauna daidai tsakiyar dunƙulen, in ba haka ba taurari su fito a shafe. Duk sanda ɗaya ya mutu sai ya sa safar hannu ya ɗauko wani, ya rubuta wa ofis cewa akwati yana raguwa. Ofis ya ce an ji. Manajoji suka zo suka tafi, kowanne ya ce an ji. Ran da ya kwance takardar ƙwai na ƙarshe, ya ɗauki akwatin da ba kome ciki ya hau da shi ofishin manajan lokacin, wani matashi mai kirki da aiki ya yi wa yawa.

Manaja ya yi waya, ya yi tambaya, bayan 'yan makonni ya kira shi. "Baba, kamfanin da ke yin ƙwan nan ya daɗe da rufewa. Sabuwar na'ura kuma ba ma cikin maganar da za a saurare ni a kanta. Ba zan ɓoye maka ba, ran da wannan ya mutu, ɗakin ya mutu."

"Ranka ya daɗe, ba za a sake dubawa ba?"

"An duba, Baba. Ka lallaɓa shi kawai."

Manaja ya faɗi kalmar ne yadda ake faɗa wa mai tsohuwar mota, ya koma kan takardunsa ya manta. Mai Taurari kuwa ya sauko da ita kamar an ba shi amanar rai.

Da farko ya nemi mafita a waje. Ya naɗe wani mataccen ƙwai a hankici ya zagaya layin masu kayan wuta, shago shago. Wani ya ba shi na fitilar mota, wani na injin majigi, wani ya juya shi a hannu ya ce, "Baba, wannan ai ya girme ni." Ya gwada guda biyu da suka yi kama. Taurari suka fito dogwaye kamar an watsa shinkafa a rufi. Ya cire, ya mai da na gaskiyar.

A gefen teburinsa akwai wani maɓalli baƙi da ake murɗawa, mai ƙara wa ƙwan wuta ko rage masa. Tsoho ya yi masa alama da jan fenti a inda ya kamata ya tsaya. Mai Taurari ya san abin da duk mai aikin fitila ya sani, cewa in ka rage wa ƙwai wuta kaɗan, kwanansa yana ƙaruwa da yawa. Sai ya dawo da maɓallin baya da jan fentin, ɗan kaɗan, yadda ba wanda zai lura. Ba wanda ya lura kuwa. Bayan wata biyu ya sake ragewa. A shekara ta gaba ya ƙara. Kowace safiya kafin ya kunna sai ya buɗe dunƙulen ya leƙa zaren da madubin ubansa na gyaran agogo, ya ga ko ya sirance, ko gilashin ya fara baƙi. Duk inuwar da ya gani, ko ya zaci ya gani, sai maɓalli ya ƙara komawa baya.

A faɗi gaskiya, abin ya zo daidai da halinsa. Mutum ne mai hannun jarirai, ba don mugunta ba, don tsoro. Maraicin da ya yi da wuri ya koya masa cewa abu yana ƙarewa ba sallama. A gidansa ba a yar da guntun sabulu, manna shi ake a jikin sabo. Babbar 'yarsa ta taɓa saya masa takalmi mai kyau, ya ajiye a kwali ƙarƙashin gado yana jiran ranar da ta dace, har fatar ta bushe ta tsattsage ba ta taka ƙasa ba. Matarsa, mai ɗinki ce a falon gidansu, ta gaji da faɗa ta koma dariya.

Sai dai ƙwan fitila ba sabulu ba ne. In zaren ya rage zafi, haskensa ja yake komawa, shuɗin da ke cikinsa shi ke fara tafiya, daidai yadda yake gaya wa yara game da taurari. Jajayen taurarin rufin ba su damu ba, suka ci gaba da zamansu. Ƙananan suka ɓace ɗaya bayan ɗaya. Wanda abin ya fi ci shi ne nasa. Gilashin shuɗi ba ya barin kome ya wuce sai shuɗin haske, shi kuma ƙwan ya daina bayarwa. Tauraron da a da yake huda duhu ya koma wani ɗigo mai launin toka, sai ka san wurinsa kafin ka gan shi. Mai Taurari ya san wurinsa. Idonsa ya saba da duhun ɗakin fiye da na kowa, ga kuma abin da ya riga ya gani shekara da shekaru yana cike masa gibin. Shi har yanzu shuɗi yake gani. Ya ci gaba da ɗora kibiya a gefensa yana tambayar wanne ya fi zafi, amsar tana zuwa a rarrabe, daga baki biyu ko uku.

Ya rage yawan nuni ma. Da safe da yamma ne a da, ya mai da shi sau ɗaya. In mutane ba su kai goma ba sai ya ba su haƙuri ya ce su dawo gobe. Wa zai dawo gobe? Mai gadi ya fara gaya wa baƙi tun daga ƙofa cewa ɗakin taurari sai an yi sa'a.

Wata safiya yana shan shayi, matarsa tana kan keken ɗinki, ya ce mata makarantu sun yi sakaci yanzu, ba sa kawo yara. Ta tsayar da ƙafarta.

"Maƙwabciyarmu ta ce jikanta ya je da 'yan ajinsu. Wai ba su ga kome ba sai duhu, rabinsu barci suka yi."

"Yaran yanzu idonsu ya lalace da kallon waya."

"Malam, ka ƙara wutar mana. Ni in allura ɗaya ta rage mini, ɗinki zan yi da ita har ta karye. Ba zan zauna ina kallonta kayan mutane na jibge ba."

"Allura kowane shago akwai ta," in ji shi. "Wannan in ya tafi ya tafi. In ya mutu gobe, me zan ce wa yaran jibi?"

Maganarsa ba ƙarya ba ce. Ta mai da ƙafa kan keke. Abin haushin mutumin nan ke nan, duk matakin da ya ɗauka in ka duba shi shi kaɗai, daidai ne.

Makaranta ta ƙarshe da ta zo ta 'yan mata ce, da wata malama mai gilashi wadda ta ce ita ma tana ƙarama an kawo ta ɗakin nan. Ta gaishe shi da girmamawa, ta ce wa ɗalibanta su buɗe ido, yau za su ga abin da ya sa ta karanta kimiyya. Ransa ya yi fari. Ya kashe fitilu, ya kunna na'ura, ya bi bayaninsa tiryan-tiryan har ya iso wurin. Ya ɗora kibiya, ya yi tambayarsa.

Can wata yarinya daga kujerun gaba ta ce, "Baba, wane shuɗin?"

"Ga shi nan, 'yata, daidai kan kibiya."

"Ba kome a wurin."

Wata ta ce akwai, amma fari ne. Wata ta ce datti ne a jikin rufi. Aka fara ƙus-ƙus ana dariya. Malamar ta tsawatar, sannan ta lallaɓo cikin duhu har teburinsa, ta rage murya yadda yaran ba za su ji ba.

"Baba, lokacinmu ba haka yake ba. Na tuna shi, kamar zai faɗo mana a ka. Ba za a ɗan ƙara hasken ba? Ko na minti ɗaya, su gani."

Hannunsa yana kan maɓallin. Ya ji sanyin ƙarfen a yatsunsa. Ya tuna zaren da ya leƙa da safe, siriri kamar gashi, ya tuna cewa tsohon ƙwai ya fi mutuwa daidai lokacin da aka tura masa wuta. In ya murɗa ya ji ɗan ƙaran nan, tas, shi ke nan, a gaban yara, da hannunsa.

"Malama, ki yi haƙuri. Na'urar ta tsufa, iyakarta ke nan."

Ta ce ba kome, ta koma wurinta. Ya ƙarasa bayanin. Ya faɗi dubu ashirin, ya faɗi rana dubbai, ya faɗi almubazzaranci, yana nuna wurin da ba kowa ke ganin kome ba, muryarsa tana fita kamar ta mai karanta sanarwa. Da aka kunna fitilu malamar ta yi masa godiya sosai, irin godiyar da ake yi wa wanda ba za a sake zuwa wurinsa ba. Ya ji kunyar ƙaryar da ya yi mata, amma da ya leƙa zaren bayan ya huce ya same shi lafiya, sai ya ji sanyi a ransa, ya ce ya tsallake.

Bayan nan sai ɗaiɗaiku. Wani saurayi da budurwa da ke neman inuwa, wani uba da ɗansa da suka ɓata hanya suna neman ƙasusuwan dabbobi. Akwai makon da bai kunna ba ko sau ɗaya, har yana lissafa shi cikin ribar ƙwan. Yakan zo da wuri, ya goge kujerun da ba wanda ya zauna, ya zauna a teburinsa ƙofa a buɗe. Abokiyar hirarsa ɗaya ce, mai sharar ɓangaren, wata bazawara mai baki da ta zo gidan bayan an fara rage wutar. Takan jingina tsintsiya ta ce, "Baba, yau ma taurarin suna hutu?" Ya ce, "Ƙanwata, taurari ba sa hutu, mutane ne ba sa zuwa."

Manaja ya kira shi wata ranar Laraba. Ya ba shi kujera, ya sa aka kawo masa ruwa, abin da bai taɓa yi ba, nan Mai Taurari ya sha jinin jikinsa.

"Baba, hukumar gidan ta zauna. Za a mai da ɗakin taurari ɗakin taro. Ranar Litinin masu aiki za su zo su cire kujeru."

"Ranka ya daɗe, ai ƙwan bai mutu ba." Ya faɗa da sauri, har yana tasowa daga kujera. "Lafiyarsa ƙalau. Na duba shi yau da safe. Ka zo ka gani."

Manaja ya dube shi, da alama ya ma manta da maganar ƙwai. "Ba ƙwan ba ne, Baba. Mutane ne babu. Na kare ɗakin nan iya ƙarfina, amma sun tambaye ni wa ke shiga, na rasa abin faɗa. Makarantu sun ce yara ba sa ganin kome. Na ɗauka na'urar ce ta gaji." Ya ce za a mai da shi ƙofar gaba yana karɓar tikiti har lokacin ritayarsa, ba abin da zai ragu a albashinsa. Ya faɗi haka da zuciya ɗaya, yana ganin ya yi masa alheri, kuma ya yi.

Mai Taurari ya buɗe baki zai ce ba na'urar ba ce, sai ya ga tsawon bayanin da inda zai ƙare, ya rufe. Ya yi godiya ya sauko.

Bai gaya wa matarsa a ranar ba. Da ya gaya mata washegari, ba ta ce ai na faɗa maka ba, ta dai ajiye almakashi ta zauna kusa da shi. Da ta yi gorin ma da ya fi masa sauƙi.

Ranar Asabar da yamma, ranarsa ta ƙarshe a ɗakin, ya kwashe littattafan Tsoho a kwali, ya naɗe safar hannu, ya sa madubin ubansa a aljihu. Mai shara ta shigo da bokiti, ta ga kwalin, ta ajiye bokitin.

"Baba, ni fa shekarata nawa ina share ɗakin nan ban taɓa ganin abin da ake gani ba. Kunna mini mana, tunda Litinin za a fasa."

Ya rufe ƙofa, ya kashe fitilu, ya kunna. Ta kishingiɗa a kujerar tsakiya da tsintsiyarta a cinya. Rufi ya kawo 'yan ɗige-ɗigensa jajaye.

"Shi ke nan?"

"Haka yake."

"Ba a ƙarawa?"

Ya dubi maɓallin. Sai ta ce, ba da faɗa ba, "Baba, yanzu kuma wa kake ajiye wa?"

Ya kama maɓallin. Maɓallin ya daɗe bai motsa gaba ba har ya yi tauri, sai da ya sa ƙarfi. Ya murɗa a hankali, kafaɗunsa a ɗage, yana jiran ƙaran. Ƙananan taurari suka fara dawowa, ɗari-ɗari, a wuraren da ya manta akwai su. Ya ci gaba har yatsansa ya ji tudun jan fentin Tsoho, ya tsaya. Ga tauraronsa nan. Ba sai an ɗora kibiya ba. Shuɗi tar, mai kaifi, ya danne duk na kusa da shi. Nan ya gane cewa abin da yake gani shekarun nan ba shi ba ne, shi ma ya daɗe bai gan shi ba.

Mai shara ta ja numfashi. "Da ma haka yake?"

"Haka yake."

"Wancan shuɗin fa, mene ne shi?"

Ya buɗe baki, bayanin da ya yi sau dubbai yana nan a kan harshensa. Ya ce, "Wani babba ne. Ya fi rana zafi." Bai iya ƙarawa ba.

Suka zauna. Shi jiran mutuwar ƙwan yake, kuma a karo na farko so yake ya mutu. In ƙwan ya yi tas yanzu, to shi ya yi gaskiya, malamar nan da ya hana ya hana ta ne da hujja, shekarun duhun nan ba a banza suka tafi ba. Ya zuba wa dunƙulen kunne. Fanka tana juyawa, ƙarfe yana ɗan ƙara saboda zafi, taurari suna tsaye ƙyam. Lokacin nuni guda ya wuce. Mai shara ta tashi a hankali ta ce tana da sauran lungu biyu, ta tsaya a bakin ƙofa ta sake ɗaga kai, ta ce, "Kai, da yaran nan sun ga wannan." Ta fita ta ja ƙofar.

Ya zauna shi kaɗai da kujeru. Lokacin wani nunin ya sake wucewa, da wani. Ƙwan ko gezau. Wataƙila lallaɓawar da ya yi ce ta kawo shi yau da ƙarfinsa, wataƙila kuma da ma yana da shekaru a gaba ko an bar shi a kan jan fenti. Ba wanda zai taɓa sani, kuma ya gane cewa da wannan rashin sanin zai zauna a ƙofar gaba yana yage tikiti. Baƙin ciki ya danne shi, irin wanda ba ka da wanda za ka ɗora wa. Ya yi kuka kaɗan, ba sauti.

Mai gadi ya ƙwanƙwasa ƙofa da makullai. "Baba, an tashi. Zan rufe."

"Ina zuwa."

Ya ɗan ƙara jira, ko Allah zai sa. Mai gadi ya sake ƙwanƙwasawa. Sai ya miƙa hannu ya kashe ƙwan da kansa, lafiyarsa ƙalau.